Bagaruwar Baba

Shekara talatin da huɗu Baba Nomau na duƙe a majema,
can bakin Gulbi, inda wari ke riga mutum isa gida.
Fatar jar akuya ba ta jin lallashi
sai bagaruwa ta jiƙa, ta ratsa ta.

Baya ne ya fara kai ƙara.
Tunau mai tire ya iso bisa keke,
ja da fari, dala ashirin biyu:
"Haɗiye, tsoho, ka miƙe kamar kara."
Ya kuwa miƙe.
Biyu da asuba tun kafin koko,
biyu da la'asar bisa goro,
ran da fatu suka yi yawa ba a lissafi.

Ciwon bai tafi ba, ƙaura ya yi.
Ya bar ƙugu, ya tare ƙarƙashin ƙirji, ya hura gawayi.
Daren da ya yi amai baƙi kamar ruwan jima
na rungume shi bisa kabu-kabu har asibiti.
Lokotoro ya ce gyambo ne:
ƙwayar ta biya wa baya bashi,
a ciki ta karɓi riba.

Ni, Sahiya, ta ukunsa,
jami'a nake, cikin farar riga,
ina dakan bagaruwar nan dai,
in jiƙa, in tace, in auna ɗigo-ɗigo.
Ɓeraye ashirin da huɗu, kowane da lamba a wutsiya.
Rabi su sha ruwan kafin ƙwaya,
rabi ƙwaya tsura.
Ran da muka duba,
cikin na tara sumul,
na sha bakwai kamar zanen da gara ta kwana kansa.
Na fita bayan ɗaki na yi kuka,
ban san na wanne ba.

Baba ya ce, "To, ɗebo mini."
Na ce tukuna.
Ɓera ba mutum ba ne, awo bai tabbata ba,
abin da ke ɗaure fata yana iya ɗaure hanji.
Ya yi dariya har ya dafe ciki:
"Buhu nawa hannun nan ya jiƙa,
yau ɓera ya riga ni sha."

Yanzu sai kunu, sai maganin likita.
In Tunau ya kaɗa ƙararrawa, Baba ya duba bango.
Jiya da almuru na iske shi kan tabarma
yana tsince kwanso ɗaya-ɗaya, yana sansanawa.
Ya ƙulle masu kyau a leda, ya tura cikin jakata:
"Kai wa ɓerayenki.
Ki ce su yi sauri."