Randar Nugzar

A ƙauyenmu, gefen kogin Alazani,
ba a barin ruwan inabi a sarari.
Randa ake binnewa har wuya cikin ƙasa,
a shafe cikinta da kakin zuma,
a liƙe bakin da yumɓu,
a bar duhu ya yi aikinsa.

Nugzar ne ya liƙe wannan da hannunsa
bayan an gama tsinkar inabi.
Ga shatin babban yatsansa nan, ya bushe a yumɓun.
Kafin ƙanƙara ta narke a kan duwatsu
shi ma mun kai shi, mun rufe.

Yau Eteri ta aiko jikanta a kan keke:
ku zo, ni kaɗai ba zan iya ɗaga murfin ba.
Matar da ke saɓa buhun masara?
Muka gane, muka zo.

Mu uku ne, da can huɗu.
Tsiyala, da ta ƙarar da ƙuruciya wajen koyar da lissafi,
Goca makanike, baƙin mai bai bar farcensa ba har yau,
sai ni, da na yi shekara talatin
ina jan bas tsakanin Telabi da babban birni.

Goca ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya kankare yumɓun da wuƙa,
ya kewaye shatin yatsan bai taɓa shi ba.
Dutsen ya ɗagu.
Ƙamshi ya taso ya cika ɗakin
kamar an buɗe akwatin tufafin wanda ya yi tafiya.

Eteri ta zura ludayi mai dogon hannu.
Ya fito launin zuma, garau,
har kana hango fitila ta cikinsa.

Tsiyala ta kai hanci, ta lumshe ido:
busasshen tuffa, in ji ta, da ɓawon lemo,
da wani abu kamar ciyawa bayan ruwan farko.
Goca ya ce, Malama,
sha za ki yi, ko jarrabawa za ki ba shi?

Muka kurɓa tare.

Bauri ya kama harshe, ya ɗaure dasashi.
Kowa ya zuba wa kofinsa ido,
ba mai son ya fara.

Eteri ce ta dire nata,
ta share baki da bayan hannu:
Na faɗa masa!
Na ce tsinkayen sun yi yawa, ka rage.
Ya ce haka kakansa ke yi.
To ga shi nan, taurin kai a kofi.

Dariya ta ɓarke mana.
Goca ya ƙware, hawaye na bin gemunsa,
ba wanda ya tambayi na mene ne.

Sai ta shiga ta fito da faranti:
burodi da zafinsa daga tanderu,
cuku mai gishiri,
gauta da tafarnuwa da jajayen 'ya'yan rumman,
da naman da aka gasa kan garwashin rassan gonarsa.
Na tauna kitse, na bi shi da kurɓi,
sai baurin ya kwanta, ya yi ladab,
zaƙin da ya ɓuya ya leƙo daga baya.

Haka mai randar yake.
Ba a ɗaukarsa da yunwa, ba a ɗaukarsa a tsaye.
Sai ka zauna, ka jure kalmar farko,
ka bari dare ya yi nisa.

Kofi na biyar yana bakin teburi.
Tsiyala ta ɗiga shi kan gutsuren burodi,
a hankali, kamar mai gudun tada barci.

Da za mu tafi, Eteri ta cika mana gorunan roba uku,
irin na lemon kwalba, da tambarinsu bai gama ɓarewa ba.
Ta ce rassan can sun yi gashi, suna jiran aski.
Na ce Asabar.
Tsiyala ta ce za ta zo da almakashi.
Goca bai ce komai ba,
hannunsa na aljihu,
yana juya ɗan ɓallin yumɓu.