Ƙidayar Dutse

Sun aiko ni daga Jos da takarda da biro,
in ƙirga duk abin da ke numfashi a kan dutsen nan
kafin a aza masa madubin hangen taurari.
Kwana tara suka ba ni. Takalmina ya yage a na uku.

Baba Izang ke gaba, sandarsa na ƙwanƙwasa duwatsu
kamar mai sallama a gidan surukai.
Na rubuta: rema goma sha ɗaya, suna shan hantsi.
Na rubuta: jemagu a kogo, ba su ƙirguwa.
Idon ruwa guda, siriri kamar zaren ɗinki,
shi ke shayar da tumatirin mutanen gangare.

"Turawan kuza ma da ma'auni suka zo," in ji shi.
"Su ƙasa suka leƙa, ku kuma sama.
Ga tukuicin da suka bar mana can."
Ya nuna kududdufi, kore shar,
wanda ya ci ƙanensa ana gobe Kirsimeti.

Ban sami ta cewa ba. Na gyara zaman hulata.

Amma a dare na bakwai gajimare ya yaye.
Wallahi ban taɓa ganin sama ta sauko haka ba,
Kaza da 'ya'yanta kusa, kamar in watsa musu tsaba.
Jikarsa Adar, 'yar aji biyar, ta kwanta rigingine
tana tambaya ko madubin zai nuna mata
abin da ke bayan Gamzaki.
Na ce zai nuna. Ban yi ƙarya ba.
Ban dai faɗa mata cewa titin da aka zana
ta kan idon ruwan zai bi ba.

Yanzu ina ofis, sanyi na cizon yatsuna.
Shafi na arba'in: illa kaɗan ce, matsakaiciya, ko babba?
Akwati uku, biro ɗaya.
Oga na leƙowa yana duba agogo,
Abuja na jira kafin Juma'a.

Na juya bayan takardar,
na zana wata hanya ta kewayo ta yamma,
ƙarin kilomita huɗu, ƙarin kuɗin da zai sa a ja tsaki.
Ko su karɓa, ko su jefa kwando.

A aljihuna har yau akwai tsakuwar da Adar ta ba ni.
Ta ce in kai wa masu madubin,
su fara duba wannan.