Ɗan Cibiya

A shagon Arzika, can Mokoyo,
inda tur ke gurnani tun hantsi,
akwai gwangwanin madara a bakin taga,
cikinsa ƙarafa uku, gajeru,
kowane bai kai ɗan yatsana ba.
Kai biyu gare shi, jiki da kauri,
baki kamar tsinin ƙayar aduwa.
Masu takarda suna da sunan da suka ba shi,
mu ɗan cibiya muke ce masa.

Wata bakwai ban taɓa komai ba sai shi.
In ɗaure sandar ƙarfe a bakin inji,
in share fuskarta ta yi sumul,
in ɗiga mai, in matso da shi sannu
har ya haƙa ƴar rijiya mai bakin mazurari,
tsakiyar tsakiya, ba dama ba hagu.
Nan tsinin wutsiyar tur zai zauna
ya tokare sandar kada ta yi rawa.
Nan kuma doguwar mesh za ta sa ƙafa
in an zo huda rami mai zurfi.
Na ce, Patiron, yaushe zan fara aikin manya?
Ya ce, wannan ɗin fa, na wa ne?

Ran wata Laraba Nomau ya zo daga Jirataua,
sandar famfonsa ƙunshe cikin buhun taki,
zogalensa kwana uku bai ga ruwa ba.
Patiron ya tafi jana'iza Tibiri,
wuta kuwa ƙarfe biyu ake ɗauke ta.
Na dubi agogo, na dubi gwangwani,
na ce minti biyar ma dukiya ce.
Na ɗora doguwar mesh kai tsaye.

Ta taɓa ƙarfen ta zame,
ta yi dawurwura kamar baƙo a kasuwa,
inda ta ga dama nan ta shiga.
Kaucewar ba ta fi kaurin farce ba.
Na ce, wa zai gani?
Nomau ya biya jikka uku, ya hau babur.

Kwana biyu sai ga shi.
Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.
Ya ajiye sandar, ya ajiye rulma biyu ƙonannu,
da reshen zogale guda, busasshe.
Famfon ya yi ta karkarwa, in ji shi,
kamar mai masassara,
har ya yi shiru.

Patiron bai zage ni ba.
Ya ɗauko doguwar mesh ya danna da babban yatsa,
ta ɗan rusuna.
Ya danna ɗan cibiya, ko gezau.
Dogo yana da nisan tafiya, ya ce,
amma bai san hanya ba.
Gajere ba ya zuwa ko'ina,
shi ya san inda ake farawa.
Ya miƙo mini sabuwar sanda.

Hannuna na rawa, na tura da ƙarfi,
ƙas! tsinin ya karye a ciki.
To, ka koyi na biyu, ya ce:
inji ya yi gudu, hannu ya yi sanyi.
Shiga, ja da baya, share, ɗiga mai,
ka tsaya tun kafaɗar ba ta nutse duka ba.
Sai bayan lisha muka gama,
sandar na juyawa kamar a tsaye take.
Nomau ya aza tafin hannu a jikin inji,
bai ji komai ba, ya ce madalla.

Yau shagona ne a unguwar Zariya,
gwangwanina ne a bakin taga.
Jiya Tsahara, wata huɗu da zuwanta,
ta zazzage shi tana neman ƙaramin,
ta tsinci wani busasshen tsinke a ciki.
Ta ce, Patiron, in zubar da wannan?
Na ce mayar da shi,
ki ɗauko mai.