Tsakuwar Kufena

Ni direban tifa ne, ban iya waƙa ba.
Abin da na iya shi ne ƙirga kwanon sarki.
In an zuba ɗari da hamsin mota ta cika,
in ja ta daga gindin Kufena in nufi gari.

A can na san Tanimu.
Ban tambayi shekarunsa ba, bakinsa ya faɗa mini:
haƙora biyu na gaba sun fita,
sababbin ba su gama leƙowa ba.
Yana zaune kan yagaggen buhun taki,
ƙafafu a ware, dutse a tsakani,
ya naɗe yatsun hagu da robar tayar keke,
don guduma ba ta san hannun mai ita ba.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Kafin ƙararrawar Wusasa ta kaɗa ya fara,
har inuwar dutsen ta juya ta rufe shi.
Uwarsa Lantana na gefe tana rairaya,
goyo a baya, tari a ƙirji.
Uban kuwa, tun da bango ya danne shi
a wurin wani gini a Tudun Wada,
damina biyu ke nan bai taka ƙasa ba.

Ran wata Laraba na taya.
Na ce, tsakuwarka ta yi girma, yaro,
zan rage hamsin a kowane kwano.
Bai yi musu ba.
Ya dubi tulin, ya dubi rana,
ya ce, to Baba, bari in ƙara fasa ta.
Ban jira ba. Na rage kuɗina.
Da rarar na sha shayi da ƙwai a Kwangila,
kuma ya yi mini daɗi,
abin da ke hana ni barci ke nan.

Sau ɗaya na ga yaro a jikinsa.
Ana lodi, ya matso, yana susar ƙeya:
Baba, in danna oda?
Na ɗaga shi, bai kai nauyin kwano guda ba.
Ya danna, tsuntsaye suka watse daga kan dutsen,
ya ƙyalƙyale har da buga sitiyari,
ya sake, ya sake,
sai muryar Lantana ta ratso ƙarar:
Tanimu, rana tana yi.
Ya sauka da kansa.
Dariyar bai tafi da ita ba, a kan kujerata ya bar ta.

Sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ban ji wanda ya faɗi
ranar da za a sake shi ya miƙe ba.

Lodin nan Samaru na kai shi,
wata makarantar kuɗi ce ake ƙarasawa,
an zana yara a bango, kowa da jaka da farar safa.
Ɗan kwangila ya ce a baza ta ƙarƙashin lilo
kada taɓo ya ɓata wa yara takalmi.
Na ɗaga bodi, ta zubo da ruri,
sai ga baƙar roba a tsakiyar farin dutse,
har yanzu a lanƙwashe, daidai kaurin ɗan yatsa,
gefe guda ya yi ja ya bushe.

Na rataye ta a madubin mota.
Jiya 'yata Hadiyya, da kayan makaranta a jikinta,
ta taɓa ta, ta ce, Baba, mene ne wannan?
Na ce roba ce.
Ta ce, ta me?
Na kunna rediyo.

Gobe da asuba ina da lodi biyu.
Ɗari da hamsin, ɗari da hamsin.
Na san wanda zan tarar a zaune,
ban san da wane ido zan ƙirga ba.