Jimlar da Ta Zo Cikin Ƙosai

A guntun jaridar da aka ƙunsa mini ƙosai
a Kawo, gindin gadar sama,
wani mai sharhin fim ya rubuta:
"Kyamara ba ta kallon abin da ke gabanta,
makokin abin da ta bari a waje take yi."
Sauran maganar, mai ya cinye.

Na karanta sau bakwai kafin Unguwar Sarki.
Makoki? Na'ura ce fa, gilashi da ƙarfe.
Wa ya mutu mata?

Dogara mai gyaran rediyo ya ce
zancen 'yan boko ne, tuwon da ba miya.
Ladidi, ƙanwata da ke karatu a Zariya, ta ce
ai duk firam shinge ne,
wanda ya kafa shinge kuwa ya kori wani.
Na gyaɗa kai. Rabi ya shiga, rabi ya tsaya a ƙofa.

Sai ranar Lahadi, ruwa ya tare ni a Kakuri
a rumfar Baba Tanimu,
wanda ya shekara ashirin yana juya majigi
a silimar da yau ta koma ma'ajiyar siminti.
Na miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da idonsa,
ya daɗe.
Sannan ya zaro hoto daga aljihun gaba:
ma'aikatan masaƙa a jere, sun sha guga,
shi ne na huɗu daga hagu.

Ya ce, "Duba nan, bakin hoton."
Yatsu uku ne a kan kafaɗarsa,
babu hannu, babu fuska.
"Bako ke nan. Mai hoto ya ce a matsa, bai matsa ba.
Bara muka kai shi.
Shekara arba'in ina da hoton nan,
ban taɓa kallon fuskata a ciki ba."

Ruwa ya tsagaita. Jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa.

Na dawo ta gadar kogi da takardar a jiƙe,
tawada ta narke, saura kalma biyu: "a waje."
Ban sani ba ko abin da marubucin ke nufi ke nan.
Wataƙila ma a layin da mai ya cinye
ya warware duk abin da ya faɗa.

Daren nan dai na sauke hotunan ɗakin mahaifiyata,
ina bin gefe-gefensu da yatsa.