Yatsan da Waya Ta Ƙi Ganewa

Shekara arba'in ina jan koma a tafkin Titikaka.
Igiya ta cinye zanen yatsuna kaf,
ta bar su sumul kamar dutsen bakin ruwa.
Yau ga waya a tafin hannuna, ba ta fi guntun sabulu ba,
wai ba ta san ni ba.

Ni da kifi ya sani.
Ni da iskar Puno ke gaisarwa tun duhu bai waye ba.

Nilda ta ajiye jakar makaranta a kan buhun dankali,
ta ce, Baba, sake ɗorawa,
kar ka danna da ƙarfi, ba ƙusa kake bugawa ba.
Na ɗora, ta nuna ja.
Na sake, ta nuna ja.
Eulogia na bakin murhu, dariya na girgiza mata kitso,
ta ce wayar ma ƙarnin kifi ta ji.

Sai yarinyar ta kama yatsana da hannu biyu,
ta hura masa ɗumin bakinta,
ta goga shi a rigarta ta ulu,
ta kai shi kan gilashin a hankali
kamar mai jera ƙwai a kwando.

Nan wata safiya ta dawo mini.
Tana 'yar shekara biyar, muna cikin kwalekwale,
sanyi na yanka kunne,
na riƙe hannunta haka, daidai haka,
ina koya mata ƙullin da ba ya warwarewa.
Sau bakwai ta ɓata, sau bakwai na kwance.
Ban yi haƙuri irin nata ba.
A na biyar na daka mata tsawa,
har agwagin ruwa suka tashi.

Muka haƙura da yatsa.
Ta ce a sa lambar sirri, wacce ba za ka manta ba?
Na ce ranar haihuwarki.
Ta ce ɓarawo da ita zai fara.
Na ba ta lambar jirgin mahaifina,
wanda ya ruɓe cikin ciyawar bakin tafki tun ba a haife ta ba.
Yanzu kullum sai na kira shi da yatsa sau uku, sau huɗu,
ya buɗe mini ƙofa.

Ta zana mini komai a bayan littafin lissafinta:
kore na ɗauka, ja na kashewa,
wannan mai kama da ƙwayar gyaɗa a kan sanda
riƙe shi ake yi har magana ta ƙare.
Ranar farko na yi wa Wilber, yayanta, bayani mai tsawo
a kan ciwon gwiwa da farashin man inji,
ashe ban riƙe ba.
Abin da ya isa Arequipa hoton hancina ne.

Mai gidan abinci a Juliaca ta biya kuɗin kifi ranar Talata.
Ba takarda, ba ƙarar tsaba,
wayar ta yi atishawa kawai, Nilda ta ce sun shigo.
Na ce ina suke?
Ta ce, Baba, kifin da ke ƙarƙashin ruwa ganinsa kake yi?

Baɗi za ta tafi jami'a.
Da dare, in sun yi barci, ina gwadawa ni kaɗai,
fitilar wayar na haska rufin kwano.
Na iya. Tun makon jiya na iya.

Amma da yamma, in ta shigo,
sai in ce abin nan ya sake rikicewa.
Takan dube ni ta wutsiyar ido,
ta ja kujera, ta ce kawo hannun.

Jiya na ga igiyar jakarta ta tsinke, ta ɗaure.
Ƙullin nan ne.
Na ja shi a ɓoye, bai motsa ba.