Taki Uku a Duluth

Matakala mai taki uku ce ta raba Wendell da titi.
Tun da ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya
yake lallaɓa ta.
Bana da ya koma keken guragu,
ukun suka zama dutse.

Ran Asabar, dusar ƙanƙara har gwiwa,
sai ga Marisol, 'yar shekara sha shida,
fensir a bayan kunne,
katako a motar kawunta,
yara bakwai na biye kamar 'yan tsaki.

"Tobias, riƙe nan. A'a, karkata shi."
Guduma ta sami yatsa, aka kwashe da dariya,
tururin baki na tashi.

Tsohon yana leƙe ta taga.
Shi da ya taɓa ba mutum arba'in umarni,
yau abin da ya iya faɗa:
"Ƙusar can ta lanƙwashe."

Da yamma gangara ta tsaya da ƙafarta.
Ya sulalo a hankali,
sabon katako na ƙara,
har bakin akwatin wasiƙa.

Takardar kuɗin wuta ce kaɗai a ciki.
Ya ɗaga ta sama kamar tuta.

Marisol ba ta gani ba.
Tana duƙe tana tsince ƙusoshi,
kada taya ta taka.